Yadda Ake Saita Modem Ya Yi Kira Kuma Ya Amsa Kira a Tsohuwar Kwamfuta

Har yau a Garwa da Marwa da Ngaundere akwai tsofaffin kwamfutoci da ke riƙe da lissafin sito, ko suke haɗe da sikeli ko wata na'urar awo, waɗanda masu su ba sa son a taɓa su domin manhajar da ke ciki ba ta tashi a kan sabuwar kwamfuta. Irin waɗannan sau da yawa ba su da hanyar magana da wata kwamfutar sai ta layin tarho da modem, wato na'urar da ke mayar da bayanin kwamfuta sauti ya bi ta layin. Na yi shekaru ina wannan aiki, kuma abin da na lura shi ne mai koyo yakan iya sa modem ya yi kira cikin rabin sa'a, amma ya kwana uku yana fama kafin modem ɗin ya amsa kira yadda ya kamata, musamman idan ana son guda ɗaya ya yi aikin biyu. Dalili kuwa shi ne yakan fara da manhaja tun bai zauna ya yi magana da modem ɗin da hannunsa ba. A nan za mu fara daga hannu.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne modem na waje, wato mai akwatinsa daban da fitilu a gaba, wanda ake haɗawa da kafar siriyal. Ka guji katin da ake sakawa a cikin kwamfuta wanda ake kira winmodem, domin rabin aikinsa manhajar Windows ce ke yi, kuma a kan DOS ko tsohon Linux tamkar gawa yake. Fitilun nan na gaba su ne idon mai gyara: TR na nuna kwamfuta ta shirya, OH na nuna an ɗaga layi, CD na nuna an haɗu da modem na can, RD da SD kuma suna ƙyaftawa idan bayani na shiga ko fita.

Na biyu igiyar siriyal ce miƙaƙƙiya, mai haƙora 9 a gefen kwamfuta da 25 ko 9 a gefen modem. Akwai wata da ta yi kama da ita sak, wadda aka gicciye wayoyinta a ciki don haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye, kuma a cikin kwalin 'yan gwanjo ba za ka bambanta su da ido ba. Ka tafi da mita. A igiya mai haƙora 9 a kowane gefe, haƙori na 2 ya fito a na 2, na 3 a na 3. Idan 2 ya fito a 3, ba ita ba ce. Ka kuma tabbatar dukkan wayoyin suna ciki, domin akwai masu araha da ke ɗauke da uku kacal, na aikawa da na karɓa da na ƙasa, alhali aikin amsa kira ya dogara ne a kan haƙori na 1 (DCD), na 4 (DTR), na 7 (RTS) da na 8 (CTS).

Sai adaftar wuta, igiyar tarho mai kan RJ11, layin tarho na waya wanda yake aiki, da manhajar da ke ba ka damar rubuta wa modem kai tsaye: minicom ko Kermit a Linux, HyperTerminal a Windows 95 zuwa XP, Telix ko Procomm a DOS. Idan akwai na'urar riƙe wuta da muke kira onduleur, a sa kwamfuta da modem duka a kanta.

Mataki na 1: Wuta da layi

Kafin ka jona komai, juya adaftar ka karanta. Yawancin tsofaffin modem da ke zuwa mana daga Amurka adaftarsu ta volt 110 ce, wutarmu kuwa 220 ce, kuma na sha ganin an jona ta haka ta yi hayaƙi cikin sakan kaɗan. Sannan ka duba ƙarƙashin modem ɗin: da yawa suna son wutar AC ce daga adafta, ba DC ba, don haka cajar da ta shiga ramin ba lallai ne ta dace ba.

A bayan modem ramuka biyu ne, LINE da PHONE. Igiyar bango tana shiga LINE. Kafin haka, jona kan tarho na gida a bangon ka saurara: dole ka ji sautin layi mai tsabta, ba tare da ƙaraƙara ba. Idan da ƙara, ka bi wayar ka duba wuraren da aka yi mata ƙari, domin ƙurar hunturu da laimar damina suna cin tagulla a wajen ɗauri, kuma abin da kunne ke jurewa modem ba ya jurewa. Mita za ta nuna maka kimanin volt 48 na DC a layin da ba a ɗaga ba. Gargaɗi mai muhimmanci: idan ofishin yana da na'urar rarraba kira, wadda ake kira standar, ka tabbatar kafar da za ka yi amfani da ita ta analog ce. Kafar dijital tana iya ƙona modem nan take.

Mataki na 2: Gano kafar siriyal

A DOS da Windows sunayen su ne COM1 da COM2. A Linux kuwa ttyS0 da ttyS1, wato lissafin yana farawa daga sifili. A al'ada COM1 tana adireshin 3F8 da IRQ 4 (IRQ ita ce lambar da kafa ke jan hankalin kwamfuta da ita), COM2 tana 2F8 da IRQ 3. COM3 tana raba IRQ 4 da COM1, shi ya sa idan linzamin kwamfuta yana COM1 aka sa modem a COM3, sai ka ga ɗaya yana tsayawa duk lokacin da ɗayan ya motsa. Shiga BIOS ka tabbatar ba a kashe kafar ba.

Ka kuma san irin guntun da ke tuƙa kafar. A Linux umarnin setserial -g /dev/ttyS0 zai faɗa maka. Idan 16550A ne, yana da ma'ajiyar baiti 16, kuma za ka iya sa gudu 115200. Idan 8250 ne ko 16450, irin na kwamfutocin 286 da 386, baiti ɗaya kawai yake riƙewa, don haka ka tsaya a 19200, in ba haka ba haruffa za su riƙa zubewa.

Mataki na 3: Gaisawa da modem

Buɗe manhajarka, a minicom da umarnin minicom -s, ka zaɓi kafa, ka sa gudun da ka yanke, da tsarin 8N1 na jera haruffa, ka kunna tsarin RTS/CTS, ka kashe XON/XOFF; waɗannan biyun hanyoyi ne na cewa a dakata da aika bayani. Rubuta AT ka danna Entrée. Amsar da ake so ita ce OK. Wannan harshe na AT ya samo asali ne daga kamfanin Hayes, wanda ya fitar da Smartmodem mai gudun 300 a 1981, kuma kusan duk modem da ya biyo baya da shi yake ji.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Madannanmu na Faransanci ne, AZERTY, amma tsohon DOS ko Linux da ba a saita ba yana ɗaukar su na Amurka ne, sai ka danna A ya fito Q, ka yi ta aika QT kana zargin modem. Gyara da KEYB FR a DOS, ko loadkeys fr a Linux. Idan kuma kana rubutu ba ka ganin komai amma fitilar SD tana ƙyaftawa, wataƙila an kashe maimaita haruffa ne da amsoshi. Rubuta ATE1Q0V1 a makance ka danna Entrée. Idan ko fitilar ba ta motsa ba, matsalar igiya ce ko kafa, ka koma mataki na 2. Da zarar OK ya fito, rubuta ATI3 domin modem ya faɗi sunansa, sannan AT&V, ko ATI4 a modem na kamfanin USRobotics, domin ka ga saitin da ke ciki. Kwafe shi a takarda kafin ka canza komai.

Mataki na 4: Saitin da za a adana

Nan ne zuciyar aikin, kuma ina roƙon ka fahimci kowane harafi maimakon ka haddace jeri. Fara da AT&F, wanda ke mayar da modem saitin masana'anta, ya share duk abin da mai shi na da ya bari.

&C1 yana sa wayar DCD ta faɗi gaskiya: ta tashi idan an haɗu da modem na can, ta faɗi idan an rabu. Wasu modem suna zuwa da &C0, wanda ke barin ta a tashe kullum, kuma illar wannan babba ce. Na taɓa zuwa wani sito inda mai lissafi ya kira daga ofis, ya shiga da kalmar sirrinsa, layi ya yanke; bayan minti goma wani yaron shago ya kira lambar, sai ya tsinci kansa a tsakiyar littafin kuɗi ba tare da an tambaye shi suna ba. Kwamfutar ba ta san na farkon ya tafi ba, domin DCD ba ta faɗi ba.

&D2 shi ne ɗaya gefen: idan kwamfuta ta sauke wayar DTR, modem ya ajiye layi. Da haka ne kwamfuta ke katse kira idan mutum ya fita. In babu shi, modem zai riƙe layin a buɗe, mai kira na gaba ya yi ta jin layi a cike, kuɗin kira kuma yana ta hawa. Akwai &D3, wanda bayan ajiye layin yake sake loda saitin da aka adana, kuma ni shi na fi so a modem mai aiki biyu, domin duk abin da manhajar kira ta canza yana gogewa da kansa.

Sai tsarin da ke hana bayani ambaliya. Kwamfuta tana zuba wa modem a 115200, shi kuma layi bai fi 33600 ba, don haka dole modem ya iya cewa a dakata. A modem masu guntun Rockwell da masu bin Hayes umarnin shi ne &K3; a USRobotics kuwa &H1&R2. Kada ka yarda da XON/XOFF, domin yana amfani da wasu haruffa biyu a matsayin alama, kuma idan suka faɗo a cikin fayil da ake aikawa sai komai ya tsaya cak.

Na ƙarshe shi ne gudun kafa ya tsaya wuri ɗaya ko da wane gudu aka samu a layi. A USRobotics &B1 ne. Yawancin sauran suna yin haka da kansu, suna riƙe gudun da aka yi musu magana da shi na ƙarshe. Saboda haka ka yi adanawa a daidai gudun da manhajar amsa kira za ta yi amfani da shi. Wanda ya adana a 9600 sannan ya sa manhaja a 38400, mai kiransa tarkacen haruffa zai gani maimakon gaisuwa.

Jerin gaba ɗaya zai zama AT&F&C1&D3&K3, ko AT&F&C1&D3&H1&R2&B1 a USRobotics. Idan OK ya fito, rubuta AT&W ka adana. Kashe modem, ka kunna, ka duba ko saitin ya zauna. Idan bai zauna ba a Sportster na waje, wato samfurin USRobotics, duba ƙananan makunnai takwas da ke bayansa: na 7 ya kasance a sama domin ya loda abin da ka adana, na 1 da na 6 su ma a sama domin DTR da DCD su yi aikinsu, na 8 kuma a ƙasa.

Mataki na 5: Kira zuwa waje

ATDT da lamba shi ne kira. Idan ta standar ake fita, sa lambar fita da waƙafi, misali ATDT0, sannan lambar. Waƙafin tsayawa ce ta sakan biyu. Lambobin Kamaru sun koma tara tun 2014, don haka duk lambar da ka tarar a tsohuwar manhaja sai an sabunta ta. Bar lasifikar a kunne da ATM1L2 ka saurara: sautin layi, bugun lamba, ƙararrawa, sannan kukan modem biyu suna daidaitawa, sai CONNECT.

Idan ya ce NO DIALTONE alhali kan tarho yana jin sauti, modem ɗin bai gane irin sautin ba ne. Rubuta ATX3 ya buga ba tare da jira ba. Idan ya ce NO CARRIER tun can bai ɗauka ba, ƙara lokacin jira da ATS7=60. Idan ana haɗuwa ana yankewa, ɗaga S10 zuwa 50 da ATS10=50, wato sakan biyar na haƙuri, sannan ka rage gudun layi. A layi mai ƙara 14400 da ya zauna ya fi 33600 da ke faɗuwa. Don ajiye layi da hannu, dakata sakan ɗaya, rubuta +++, dakata, sannan ATH.

Kada ka sa ran 56000 ko da an rubuta haka a kwali. Tsarin V.90 na 1998 yana kai wannan gudu ne kawai idan ɗaya gefen yana haɗe da layin dijital irin na kamfanonin intanet. Modem biyu na gida iyakarsu 33600 na V.34. Don aika fayil, Zmodem ya fi sauran, domin idan layi ya yanke yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Mataki na 6: Amsa kira

Tambaya ɗaya ce za ka amsa tukuna: wa zai ɗaga layi, modem ko manhaja? Ba za su yi duka biyu ba.

A Linux shawarata ita ce manhajar amsa kira ta mgetty, wanda Gert Doering ya rubuta. Shi yana zaune yana sauraren kafa, idan ya ga RING sai ya aika ATA da kansa. Don haka modem ya kasance a S0=0, wato kada ya ɗaga layi da kansa, kuma amsoshinsa a kunne. Amfanin wannan shi ne idan kwamfuta ta mutu ko wuta ta ɗauke mata, modem ba zai ɗauki kiran da babu mai karɓa ba. A fayil ɗin /etc/inittab ƙara wannan layi:

S0:2345:respawn:/sbin/mgetty -D -s 115200 -n 2 ttyS0

-D na nufin bayani kawai ban da faks, -s gudun kafa ne, -n 2 kuma a ɗaga a ƙararrawa ta biyu. Duba inda mgetty yake a taka kwamfutar, domin a wasu yana /usr/sbin. Rubuta init q, fitilar TR za ta kama.

Idan babu mgetty sai getty na gargajiya, wanda aikinsa tambayar mai shiga sunansa, to modem ne zai ɗaga, kuma saitin ya juya: ATS0=2E0Q1&W. Dole a kashe maimaita haruffa da amsoshi, in ba haka ba getty zai rubuta login, modem ya mayar masa, shi kuma ya ɗauka sunan mutum ne, su yi ta musayar shirme har ka ga RD da SD suna ƙyaftawa ba wanda ya kira. Matsalar wannan hanya ita ce manhajar kira tana bukatar amsoshin da ka kashe, don haka sai ka sa E1Q0 a jerin farawarta, &D3 kuma ya mayar da shirun bayan ta gama.

A Windows 98 akwai Dial-Up Server da ake ƙarawa daga faifan girkawa, a XP kuma ana ƙirƙirar haɗin karɓar kira daga wajen saitin hanyoyin sadarwa; su ma da kansu suke ɗagawa, don haka S0=0.

Idan so kake mai kira ya samu haɗin PPP, wato haɗi irin na intanet, maimakon allon rubutu, buɗe login.config na mgetty ka cire alamar da ke gaban layin AutoPPP, ka rubuta adireshi biyu a /etc/ppp/options.ttyS0, misali 192.168.10.1:192.168.10.2, ka sa sunan mai kira a pap-secrets. Ko ta wace hanya, kada ka sa ttyS0 a /etc/securetty, domin duk wanda ya san lambar yana bakin ƙofarka, kuma bai kamata root, mai cikakken iko a kwamfutar, ya shiga ta tarho ba.

Mataki na 7: Modem ɗaya, aiki biyu

Abin da ke hana rikici shi ne ƙaramin fayil na kulle. Idan minicom zai yi kira, yana ajiye LCK..ttyS0 a /var/lock, mgetty ya gani ya janye, idan fayil ɗin ya ɓace ya dawo ya sake shirya modem. Sharaɗi biyu ne. Dukkan manhajojin su ajiye kullensu a wuri ɗaya, kuma su kira kafar da suna ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mgetty yana ttyS0, minicom kuma yana /dev/modem: kafa ɗaya ce, amma kulle biyu, kowa yana ganin shi kaɗai ne, sai mgetty ya tsoma baki a tsakiyar kiranka. Haka tsohon suna cua0, wanda Linux ya daina tun kernel 2.2, kada a haɗa shi da ttyS0. A FreeBSD tsarin daban ne: ttyu0 na shigowa ne, cuau0 na fita, kuma tsarin da kansa yake raba su. Mai amfani da ba root ba sai an sa shi a rukunin dialout ko uucp kafin ya iya buɗe kafar.

Idan babu layin tarho

Layukan waya na Camtel, kamfanin tarho na Kamaru, ba kowace unguwa suke ba yanzu, kuma tarho marar waya ko na intanet yana matse murya ta yadda kukan modem ba ya wucewa lafiya. Idan kwamfutocin biyu suna harabar gida ɗaya, nemi ƙaramar standar ta analog, ka ba kowane modem kafa, ɗaya ya kira ɗaya da lambar ciki, misali ATDT102. Waya biyu ta tagulla tana kai ɗaruruwan mita. Don gwaji a kan tebur, haɗa LINE da LINE, ka rubuta ATX3D a ɗaya, ATA a ɗayan; wasu modem suna haɗuwa haka, wasu sai da wuta a layin, kuma babu ƙararrawa, don haka ba za ka gwada mgetty da wannan ba. Idan tazarar ba ta wuce mita 15 ba, ajiye modem gaba ɗaya ka yi amfani da gicciyayyar igiyar nan.

Mataki na 8: Gwaji

Kada ka tattara kaya sai ka yi waɗannan bi da bi. Kira daga wata kwamfutar, ka shiga, ka fita da exit: fitilun CD da OH su mutu cikin sakan kaɗan. Sake kira, ka shiga, sannan ka zare igiyar tarho daga gefen mai kira ba tare da ka fita ba, ka mayar, ka sake bugawa: dole a tambaye ka suna da kalmar sirri daga farko. Idan ka faɗa inda ka tsaya, koma kan &C1 da haƙori na 1 na igiyar. Daga nan ka yi kira zuwa waje daga kwamfutar mai amsawa, ka rufe minicom, ka jira kamar minti ɗaya, a kira ta daga can. Sannan ka kashe wutar modem da kwamfuta baki ɗaya, ka kunna, a sake kira ba tare da ka taɓa madanni ba. Duk inda aka tsaya, ƙara -x 6 a layin inittab, ka karanta rahoton mgetty a /var/log, inda za ka ga kowane umarni da amsarsa.

Kafin ka tafi, ɗaga modem daga kan akwatin kwamfuta ka ajiye shi inda iska ke ratsawa, domin a zafin Maris da Afrilu na Garwa modem da ya yi zafi yakan fara yanke kira da rana ya warke da dare. Ka liƙa takarda a kansa ɗauke da jerin saitin da gudun kafa. Ka kuma nuna wa mai gadi ko mai shago igiyar LINE da hannunka, ka ce idan hadari ya haɗo ya zare ta, domin tsawa ta layin tarho take shigowa, onduleur kuma ba ya tare ta ta wannan hanya.